Zuciyar Da Ta Warke Ba Da Sanin Mai Ita Ba

Maigidana ɗan kasuwar albasa ne. Tun kafin a ɗaura mana aure sana'arsa ke nan: ya bi ƙauyukan fadama ya saya a hannun manoma, a ɗura a buhu, a loda wa manyan motoci su yi kudu da ita. Ni kuwa malamar firamare ce, shi ya sa ba ya kirana da komai sai Malama. A unguwar Minanata ta Sakkwato muke zaune, kuma maƙwabta sukan ce tun daga bakin titi suke sanin Alhaji ya dawo, don muryarsa tana riga babur ɗinsa isowa. Ƙaƙƙarfan mutum ne mai faɗin ƙirji, mai son jama'a. In ya ga 'yan dako sun yi sanyi wajen lodi, sai ya tuɓe babbar riga ya cicciɓi buhu ya wurga cikin mota, yana yi musu tsiya suna dariya. Warin albasa ba ya barin tufafinsa ko an wanke. Na yi mita har na gaji, na saba.

Cikin bazara abin ya same shi, lokacin da zafin Sakkwato ke hana kowa sakat. Ina cikin aji da hantsi sai ƙanensa, wanda suke kasuwa tare, ya kira ni a waya.

"Malama, ki taho asibiti. Yaya ba lahiya."

"Mi yas same shi? Haɗari ne?"

"A'a. Ki dai taho."

Daga baya ya ba ni labari. Suna tsakiyar ciniki Alhaji ya yi shiru, abin da ba halinsa ba. Ya dafe ƙirji ya ce ji yake kamar an ɗora masa buhu a kai, hannunsa na hagu kuma ya yi nauyi. Gumi ya jiƙe shi sharkaf. Ya zauna a kan buhunan, ya yi amai. Da farko sun ɗauka zafin rana ne, suka yi ta yi masa fifita suna ba shi ruwa. Da suka ga fuskarsa ta sauya launi sai suka sa shi a mota.

Na iske shi kwance, an manna masa wayoyi a ƙirji, an sa masa abin shaƙar iska a hanci. A tsawon zamanmu ban taɓa ganinsa kwance da rana ba, ko zazzaɓi a tsaye yake yinsa. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin yin murmushi, bai samu ba.

Likitar zuciyar da ta karɓe shi mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Iyayenta mutanen kudu ne, amma a nan Sakkwato, a Sabon Gari, aka haife ta, kuma in ta buɗe baki Sakkwatancinta ya fi nawa. Ta ja ni gefe ta yi mini bayani ba tare da kwana-kwana ba. Ta ce ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da naman zuciya jini ce ta toshe, an ba shi magani, kuma hatsarin farko ya wuce. Saura a ga irin ɓarnar da abin ya bari.

Bayan 'yan kwanaki, da ya ɗan samu ƙarfi, aka tura shi wani ƙaramin ɗaki mai duhu don a yi masa hoton zuciya. Ta bar ni na shiga. Ina ganin na'urar na gane ta, irin wadda ake duba mai ciki da ita ce. Aka kwantar da shi a gefen hagu, ta shafa masa wani ruwa mai yauƙi, ta ɗora ɗan abin a tsakanin haƙarƙarinsa. Sai ga wani abu toka-toka a allon yana buɗewa yana rufewa. Fuskarsa tana wajen bango. Da ya ji ta yi shiru tana ta danne-danne, sai ya ɗago kai ya waiwaya.

"Wagga ita ta zuciyata?"

"Ita ce, Alhaji."

"To nuna min wurin da ya lalace."

Ta ɗan dube ni, sannan ta juyo masa da allon. Ta sa yatsa ta ce, "Ka ga wanga gefe yadda yake matsewa yana sakewa? Haka ake so. To dubi nan."

Ko ni da ban san komai ba na ga bambancin. Gefe ɗaya yana aiki da ƙarfinsa, ɗayan kuwa yana nan shiru, sai dai ɗan'uwansa ya ja shi. Alhaji ya daɗe yana kallo.

"Ya mutu ke nan," ya ce.

"Ban ce ba. Naman zuciya in jini ya yanke masa, wani yakan mutu ya zama tabo, shi ba ya dawowa. Wani kuwa suma kawai yake yi, in jini ya koma masa sai ya farfaɗo a hankali. A wanga hoto kamarsu ɗaya, mai suman da mataccen. Akwai wani hoton da ke rarrabe su, shi nake so a yi maka."

Ya ce to. Amma na lura idonsa bai bar wurin nan da ba ya motsi ba har ta kashe allon.

Wancan hoton a lokacin sai mun je Abuja, can ne kuma za a iya buɗe masa jijiyar. 'Yan'uwa suka tsaya mana, muka tafi ni da shi da ƙanensa. Aka yi masa allurar wani ruwa, aka zura shi cikin wata na'ura mai kama da rami, mai ƙara kamar injin niƙa, ana ce masa ya riƙe numfashi, ya saki. Da ya fito ya ce da ni bai taɓa tuna kabari ba irin na ranar. Bayan haka suka bi ta jijiyar hannunsa suka kai wani ɗan siririn ƙarfe har inda ta toshe, suka buɗe ta. Ban ga wani yanka ba sai ɗan tabo a wuyan hannu.

Da muka dawo Sakkwato muka kai wa likitarmu hotunan. Ta duba su a kwamfutarta, na ga fuskarta ta saki.

"Alhamdu lillahi. Alhaji, matso ka gani. Wanga baƙin zobe shi ne bangon zuciyarka. Farin nan shi ne tabo. Ka ga siririn layi ne ta ciki, bai ko kai rabin kaurin bangon ba. Da farin ya ratsa bangon gaba ɗaya, da na ce maka mu yi haƙuri mu lallaɓa. Amma yawancin naman nan da ransa. Yanzu da jini ya koma masa, ina sa ran cikin 'yan watanni zai tashi."

"Kin tabbata?"

"Tabbas na Allah ne. Hoto ba ya yin alkawari. Amma abin da ya nuna alheri ne, kuma irinsa ne muke murna in mun gani."

Na yi ta hamdala a zuci har muka fito. Shi kuwa yana tafe hannunsa a kan ƙirji.

Abin da ta faɗa kuwa haka ya zama. Ya riƙa shan magungunansa, na rage gishiri da mai a girki, aka raba shi da kitse da balangun yamma. Bayan damina ta wuce muka koma ɗan ɗakin nan mai duhu. Wurin da ya yi shiru a da ya soma matsewa tare da 'yan'uwansa. Ba daidai da su ba tukuna, in ji ta, amma ya kusa. Ta jera tsohon hoton da sabon a allo ɗaya don ya gani.

"Alhaji, dubi."

"Na gani," ya ce, alhali silin yake kallo.

Ta ce ya fara tattaki safe da yamma, ya ƙara nisa a hankali, ya koma kasuwa, ya dai bar ɗaukar buhu na ɗan lokaci. A cikin Keke Napep muna hanyar gida ya ce da ni, "Yarinyar nan mutuniyar kirki ce. Lallashina take yi."

"Wane irin lallashi, Alhaji? Ni na gani da idona."

"Ni ma na gani da nawa idon, tun ranar farko. Abin da ya mutu ba ya tashi, Malama, sai ranar tashin ƙiyama."

Na ɗauka 'yan makonni ne zai ware. Abin ya ɗauke mu shekara uku da wani abu.

Babur ɗinsa ya zauna a zaure har tayoyin suka sace. Ya bar masallacin Juma'ar da ya saba zuwa ya koma wanda ke bayan gidanmu, shi ma a hankali yake takawa kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Hannunsa na dama kullum yana kan ƙirji. Buta in an cika ta sai ya ce a rage. Da babbar 'yarmu ta haihu ta kawo jaririn gida, aka miƙa masa, sai ya ce a dai ajiye shi kusa da shi a kan tabarma. Ya yi masa addu'a, ya shafa kansa da yatsa biyu, bai ɗauke shi ba. Muryar nan da ake ji daga titi ta koma ƙasa ƙasa, don ya ce ɗaga murya yana sa gabansa bugawa. Dariya ma in ta zo masa sai ya tare ta.

Abokansa na kasuwa da farko sukan zo da yamma su shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, su ba shi labarin farashi da na direbobi. Ba ya tanka musu da komai sai "Allah shi kyauta." Sannu a hankali suka ragu, ban kuma ga laifinsu ba. Ƙanensa ya riƙe kasuwar da amana, yana zuwa yana ba shi bayani, yana ce masa manoma suna ta tambayarsa. Wata rana wani tsoho daga cikin manoman ya zo har gida da ɗan kwandon albasa, ya ce shi dai so yake ya gan shi da idonsa, don a garinsu an ce Alhaji ya shanye. Ya same shi zaune da ƙibarsa, fatarsa luwai. Tsohon ya dube shi ya dube ni, ya sha ruwa ya tafi.

Ba lalaci ba ne, wannan na sani. Mutumin da ya yi shekaru yana fita tun duku-duku ba ya zama rago rana ɗaya. Na yi lallashi, na yi faɗa, na sa limamin unguwa ya yi masa nasiha a kan tawakkali. Ya saurara da ladabi, ya ce gaskiya ne, washegari kuma yana nan inda yake. Ranar da na matsa masa ƙwarai sai ya ce, "Malama, ba ki ji abin da na ji ba. Mutuwa ta hau ƙirjina ta zauna, na ji nauyinta. Ta tashi don kanta, ba don ƙarfina ba. Kina so in je in tsokano ta?"

Duk lokacin da muka je ganin likita, sakamakon ɗaya ne: zuciya tana aiki, jini yana gudu, a ci gaba da magani. Wata rana ta tsayar da ni bayan ya fita. Ta ce irin wannan tsoro yakan kama mutane da yawa bayan bugun zuciya, kuma shi ma ciwo ne mai zaman kansa, akwai likitocin da ke zama da mutum su yi ta magana har ya sake. Na kai masa zancen cikin dabara. Ranar ce kaɗai na ji tsohuwar muryarsa.

"Mahaukaci ta ɗauke ni?"

Yana faɗa ya dafe ƙirji ya koma ya zauna, yana sauraren bugun zuciyarsa. Ban sake tayar da maganar ba.

Wani lokaci ina wanke-wanke sai in tsinci kaina ina cewa da ma bai waiwaya ba ranar nan. Da ma ya ci gaba da kallon bango, an gaya masa da baki kawai. Amma kuma zuciyarsa ce, shi ya ce a nuna masa, likitar ba ta yi masa ƙarya ba, ta faɗa masa mai ɗaci ta faɗa masa mai daɗi. Mai ɗacin ne ya riga shiga, ya rufe ƙofa.

Mahaifiyarsa, Inna, tana ƙauyensu can hayin gulbi, inda suke noman shinkafa a fadama, gero da dawa a tudu. Da rani mota tana kai mutum har ƙofar gida. Da damina kuwa hanya takan yanke, sai an hau babur, wani wurin ma sai an sauka an taka cikin ruwa. Da can ba ya yin wata bai je ba, ya kai mata goro da sabulu da atamfa, ya zauna a ƙofar ɗakinta tana yi masa faɗa kamar yaro. Tun da ya kwanta bai sake zuwa ba. Ya ce in abin ya motsa a can, kafin a kai shi asibiti ya cika. Ita ta zo sau ɗaya ta duba shi, daga nan ƙafafunta suka hana ta tafiya. Ƙanwarsa ce ke kula da ita, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da zama. Su biyu sun shaƙu ƙwarai, ita kaɗai ce ke iya kwaikwayon tafiyarsa a gabansa ya ƙyale.

A damina ta huɗu bayan ciwonsa Inna ta kwanta. Ƙanwar ta kira shi.

"Yaya, jikin Inna ya yi nauyi. Tana ta ambatonka."

"A kawo ta nan mana, a kai ta asibiti."

"Ta ce ba ta zuwa ko'ina. Kuma ko ta yarda, da mi za a hito da ita cikin ruwan ga? Kai dai ka taho."

"Ina nan tahe. Jibi, in sha Allahu."

Ta kara wa Inna wayar a kunne. Ina zaune kusa da shi, ina jin muryarta 'yar siririya. Ta ce, "Zamna abinka, ɗana. Kada ka wahal da kanka. Lahiyarka ta hi min komi." Ya ajiye wayar ya ce, "Kin ji, ita ma ta ce in zamna." Na ce, "Alhaji, uwa ce. Mi kake so ta ce?"

Na je wajen likita ni kaɗai na kwatanta mata hanyar, babur ɗin da ruwan da komai. Ta ce, "Ya tahi. Ya ɗauki magungunansa, ya huta in ya gaji. Ban ga abin da zai hana zuciyar nan kai shi ta dawo da shi ba." Na kawo masa wannan. Kuma ya yi niyya, Allah ya gani. Ranar da ya ce jibi ta zo, ya yi wanka ya sa farar shadda, na haɗa masa jaka, ƙanensa ya zo da mota. Ya taka har zaure. A nan ya tsaya ya dafa bango, gumi ya keto masa, numfashinsa ya riƙa fita sama sama. Ya ce ga ciwon nan, ya dawo. Maimakon ƙauye sai muka wuce asibiti. Aka auna duk abin da ake aunawa, ba a ga komai ba. Likita ta ce masa a hankali, "Alhaji, tsoro ne, ba zuciya ba." Ya ce shi ya san jikinsa.

Ranar Asabar na tafi ƙauyen ni da ƙanensa. Inna ta rame har na kusa kasa gane ta. Da na shiga na durƙusa ina gaishe ta, ta amsa, amma idonta yana bayana, wajen ƙofa. Da ta ga ba kowa sai ta maido shi kaina.

"Yana cin abinci?"

"Yana ci, Inna."

"Ya rame?"

"Bai rame ba."

"To madalla. Ki riƙe min shi da kyau."

Ƙanwarsa ta raka ni bakin hanya ba ta ce uffan a kansa ba. Na fi son ta yi faɗa.

Ba a rufa mako biyu ba, da safe bayan an sauko daga masallaci, waya ta zo Inna ta cika. Ya ce innalillahi, ya miƙe tsaye. Bai nemi jaka ba, bai nemi magani ba, ni na kwaso su na biyo shi. Mota ta kai mu inda za ta iya, muka hau babura, suna zamewa cikin taɓo. Inda ruwa ya cinye hanya ya sauka ya naɗe wando ya shiga, har gwiwa. Ni da ƙanensa muna baya muna ce masa ya yi a hankali, bai ko waiwayo ba. Muka isa an gama yi mata sutura, shi ake jira.

Mu mata muna cikin gida, abin da ya faru a waje ƙanensa ne ya ba ni labari. Da aka idar da salla shi ya fara kama makara, ta gaba. Maƙabartar tana can kan tudu bayan gonakin gero, da ɗan nisa, ga rana ta fito bayan ruwa, ƙasa tana turiri. Mutane suna karɓar juna kamar yadda aka saba, shi duk wanda ya zo karɓarsa sai ya girgiza kai. Ƙanen ya ce ya yi ta bin bayansa da hannu a shirye, yana jiran ya faɗi. Bai faɗi ba. Shi ya shiga kabarin ya karɓe ta ya kwantar da ita, shi ya fara tura ƙasa.

Bayan la'asar, da masu ta'aziyya suka ɗan tsagaita, ya aiko a kira ni. Na same shi bayan rumbu, shi kaɗai, farar rigarsa duk jar laka. Hannunsa yana kan ƙirji kamar kullum, amma fuskarsa daban take.

"Malama, ba abin da na ji."

"Alhamdu lillahi."

"Ba ki gane ba. Na taka ruwan nan, na hau tudun nan da ita a kahwaɗata, na shiga rami na hito. Ko hakin da na yi bai wuce na kowa ba. Tana nan tana bugawa lahiya lau." Ya ɗago kai ya dube ni. "Ashe da na zo."

Ya durƙusa a wurin ya yi kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Ban ce masa ai an gaya maka ba. Na tsaya dai ina tare shi daga idon mutane. Muna haka ƙanwarsa ta zo ɗiban itace. Ta gan shi, ta ɗebi itacenta, har ta juya sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, "Yaya, ashe hanyar tana biyuwa." Ta wuce.

Bayan an yi addu'ar bakwai muka dawo gida. Ya sa aka gyara babur. Ya fara fita, ya koma masallacinsa na da, ya je gidan 'yarmu ya ɗauki yaron nan, wanda a lokacin ya yi wayon da zai ƙi baƙo, ya yi ta zillewa yana kuka sai an sauke shi. Ya koma kasuwa, aka yi ta murna ana rungumarsa. Amma manoman da yake saye a hannunsu sun saba da wasu, masu karɓar kaya a kudu ƙanensa suke kira, rabin 'yan dakon ma ba su san shi ba. Ƙanen ya ce ya karɓi abinsa. Ya ce a'a, wanda ya yi wahalar riƙewa shi ya cancanta. Yakan je ya zauna a rumfa, ya sa baki in an tambaye shi, ya dawo kafin azahar. Muryar ta ɗan dawo, dariyar ce dai ba ta dawo duka ba.

Abin da ya kama da gaske shi ne gonar shinkafar Inna. Tun daga daminar da ta biyo baya shi ke noma ta, yana zuwa ya yi kwanaki. Magungunansa yana sha, yana zuwa ganin likita a kan lokaci, kuma har yau ba ta ga abin da ya tayar mata da hankali ba. Yana da shekarun da zai yi a gaba, in Allah ya so. Waɗancan ukun ne dai babu inda za a samo su, kuma a cikinsu Inna ta tafi.

Ƙanwarsa tana nan a gidan. In ya je takan gaishe shi a durƙushe, ta dafa masa abinci, ta wanke masa kaya, ba ta rage shi da komai ba. Amma wasan da ke tsakaninsu ya mutu. A girbin da ya wuce na bi shi na yi musu kwana biyu. Da yamma tana sheƙar shinkafa a tsakar gida, ni ina tsince tsakuwa a faifai, sai ya shigo ya jawo turmi ya kifa ya zauna kusa da ita. Ya daɗe yana kallon ƙaiƙayi yana tashi.

"In tambaye ki wani abu?"

"Ina jinka, Yaya."

"Inna ta yi hushi da ni?"

Ta sauke ƙwaryar. "Inna ba ta yi hushi ba. Har ta cika albarka take sa maka. Ni ce na yi."

"Har yanzu?"

Ta kakkaɓe zanenta. "Yana raguwa," ta ce. Ta sake cika ƙwaryar ta ɗaga sama, ta ce masa ya matsa gefe kada ƙaiƙayi ya shiga masa ido.